Itacen Ƙirya a Ƙafar Mota

Har gobe, in mota ta wuce ƙofar shagona tana ƙwal-ƙwal daga ƙasa, sai gabana ya faɗi. Na fara jin ƙarar nan ina ɗan shekara tara, a Gazawa, kakar gyaɗar da ta biyo bayan samun mulkin kai.

Kawuna ya sayi tsohuwar motar a-kori-kura a hannun wani Bature da zai koma gida. Tsakanin ƙafar mota da gangar jikinta akwai 'yan robobi kamar zobe, su ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Nata sun ruɓe. In kawu ya murɗa sitiyari, sai motar ta yi kamar tana shawara kafin ta bi. Sabuwar roba kuwa sai Maraɗi, can ma sai an dace.

Kawu ya cire ɗaya ya kai wa masassaƙin da ke yi mana turmi. Mutumin ya sassaƙa masa irinta da ƙirya, itacen da gara ba ta ci. Da aka saka, motar ta zama kamar doki mai linzami, kana taɓawa ta juya. Kawu ya dinga zagaya filin kasuwa yana dariya.

Kakana, wanda ya yi fatauci da jakuna tun ba a haifi kawu ba, ya duƙa ya ƙwanƙwasa itacen da sandarsa.

"Ɗan nan, ta ina za ta numfasa? Ni ban taɓa ɗora wa jaki kaya ba akumari ba."

"Baba, wannan fa ba jaki ba ce."

Washegari da hantsi muka ɗauki hanyar Cadawa. Ni da innata da mata huɗu muna bisa buhunan gyaɗa, kaka yana gaba. Hanyar duk ƙananan kunyoyi ce kamar haƙarƙari, kowace sai mun ji ta har haƙora.

A gangaren gulbi na ji ƙas, kamar an karya kara. Itacen ya tsage ya faɗi. Ƙafar gaba ta goce, motar ta nufi gefen da ruwa ya zaizaye, rami ya fi tsayin mutum. Kawu yana murɗawa hagu, ita tana tafiya dama. Innata ta danne kaina a cinyarta tana salati, ina jin buhu yana zamewa ƙarƙashinmu. Ba birki ya tsayar da mu ba. Yashi ne ya riƙe taya, taku biyu da bakin ramin.

Kaka ya sauko ya ƙirga mu da ido. Ya tuɓe takalminsa na taya, ya zare wuƙa ya yanka shi. Aka ɗaga motar, aka naɗe robar aka cusa. Da ita muka lallaɓa. Tsohon nan ya ratsa kasuwar Cadawa ƙafa ba takalmi, kawu yana binsa kai a ƙasa.

Yau kayan mota nake sayarwa a Gidan Rumji. Samari na zuwa neman robar nan ta zamani mai tauri, ja ko ruwan ɗorawa, wai mota ta fi jin sitiyari a kwana. Gaskiyarsu ce, ribarta ma ta fi. Amma sai na tambayi hanyar da mutum ke bi. In ya ce kwalta, sai in ba shi. In ya ce ƙauye, sai in miƙa masa baƙa mai laushi. In ya ƙi, in nuna masa shagon gaba.