Ranar da Na Buɗe Cikin Jita

Ko zan manta da komai na ƙuruciyata, ba zan manta da ranar da na kashe jita da hannuna ba, tun kafin ta zama tawa.

Ana saura ɗan lokaci a ba mu mulkin kai, ina ƙaramin akawu a unguwar Kongo ta Zariya. Wasu ma'aikata suna da ƙungiyar kiɗa, mai jitarsu ya koma garinsu, suka ce in na samo jita mai lantarki kafin Asabar, gurbin nawa ne. Shekara biyu ina kwaɗayin wannan gurbi. Ban yi shawara da kowa ba na sayar da kekena.

A Tudun Wada akwai wani dattijo, tsohon soja, mai gyaran rediyo, wanda ya taho da jita biyu daga Ikko. Ɗaya ja ce, sai sheƙi take, a ƙarƙashin tsarkiyarta akwai 'yan ƙarafan maganaɗisu har uku a fili, su ne ke ɗaukar sauti su aika wa lasifika. Ɗayar kuwa duk ta koɗe, nata maganaɗisun guda ɗaya ne mai faɗi, an rufe shi ruf da murfin ƙarfe. Ita ce mai araha, kuma ita dattijon ya miƙo mini.

"Ɗauki wannan, samari," in ji shi. "Ja ɗin nan muryarta siririya ce, da daɗi, amma in ta shiga inda fanka ke juyawa sai ta yi ta gunji. Wannan naɗi biyu ne a cikinta, ɗaya na kashe gunjin ɗaya."

Nan fa zuciyata ta ce a'a. Wane mai sayarwa ne zai hana ka mai tsada ya tura maka mai araha, in ba yana neman rabuwa da ita ba? Ni ɗan fatake ne, mahaifina goro yake sayarwa, kuma tun ina yaro ya koya mini kada in yarda da saman huhu, in zura hannu har ƙasa, don can ake ɓoye ruɓaɓɓe. Na kaɗa ja, ta yi gunjin da ya faɗa. Na kaɗa koɗaɗɗiyar, sauti ya fito tas, mai kauri. Maimakon hankalina ya kwanta, sai na ƙara tsarguwa. Na ce a raina lallai tsohon nan ya murɗa wani abu a bayan lasifika.

"Baba, me ya sa aka rufe ta? Mene ne a ciki?"

Ya yi dariya. "Waya ce kawai. Kunnenka bai gaya maka ba?"

Dariyar nan ita ta ƙarasa ni. Da aka kira la'asar ya shiga gida yin alwala, ya bar ni da shago, wai don ya yarda da ni. Wallahi har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Na kwance tsarkiyar, na ɗauki sukundirebarsa, na zura a gefen murfin na banƙara. Ban ga tsatsa ba, ban ga tsumma ba. Naɗi biyu ne reras, kamar yadda ya ce, na wata jar waya siririya kamar gashi. Kuma ga bakin sukundirebar ya ratsa tsakiyarsu, wayoyin sun tsinke sun yi buzu-buzu.

Ina ƙoƙarin mayar da murfi ya fito, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ya dube ni, ya dubi jitar. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ɗaure tsarkiya ɗaya, ya haɗa da lasifika, ya taɓa. Shiru.

"To ka gani yanzu?" ya ce. "Akwai ruɓaɓɓe?"

Na ce babu. Na tambaye shi ko za ta gyaru, ya ce duk Zariya babu mai irin wayar, sai an aika Ikko, kuma ba wata ɗaya ba ne, ba biyu ba. Bai ce sai na saya ba, ni ne na kasa ɗaga ido. Na biya, na rungumi abata, na tako a ƙasa har gida. Ran Asabar aka ba wani gurbin, ya riƙe shi shekara da shekaru, ni kuwa na yi ta zuwa Kongo da ƙafa.

Da na ba mahaifina labari, ina sa ran zai ce ai koyarwarsa na bi, sai ya girgiza kai ya ce, "Na ce ka buɗe huhu, amma yaushe ka ga na farfasa goron mutum don in ga cikinsa?"

Abin da na koya shi ne zato ma yana da iyaka. Mutumin ya gaya mini gaskiya, kunnena ya tabbatar, amma na ƙi yarda da su duka biyun, har sai da na lalata abin da nake so don in ga ba a cuce ni ba. Ba a kuwa cuce ni ba, ni na cuci kaina.