Azumin Mai Yanka

A shagon ɗinkina na Tudun Wada, kwano ɗaya muke ci da rana, mu biyar. Haka na gada daga wanda ya koya mini sana'a, ban kuma taɓa zaton abin yana da wani amfani da ya wuce cika ciki ba.

Mai yi mana yanka magidanci ne daga Gyallesu, 'ya'yansa uku. Almakashinsa bai san kuskure ba, shi kaɗai nake miƙa wa shadda mai tsada. Sai ya fara janye jiki daga kwano. In an kira shi ya ce, "Azumi nake, Maigida." Daga Litinin da Alhamis, abu ya kai har Talata da Laraba. Ni kuwa, sarkin wayo, na riƙa yabonsa gaban masu kawo ɗinki, ina yi wa sauran gori. Ramar da ya yi ma ibada na ɗauke ta.

Wata tsohuwar nas ce daga Hanwa, wadda muke yi wa ɗinkin zuwa coci, ta tsaya tana kallon hannunsa ranar da ya ɓata mata atamfa. Ta ja ni waje.

"Malam, azumin nan ka taɓa ganin buɗa-bakinsa? Ƙwaya yake sha, ita ke hana shi cin abinci. Dubi yadda hannunsa ke rawa."

Kunya ta kama ni, haushi ya biyo baya. Na ce yau zan sallame shi. Ta ce in na kore shi, masu sayar da ƙwayar kawai na miƙa wa shi.

Bayan la'asar na zaunar da shi, mu biyu. Bai musa ba. Ya ce ya fara ne a ɗinkin salla, lokacin da na jibga masa aikin mutum uku. Maganar ta soke ni, domin gaskiya ce.

Na karɓe almakashin na kulle, na mayar da shi kan guga. Nas ɗin ta haɗa mu da likita, ni nake kai shi a babur. Sharaɗina ɗaya ne: kullum in ga hannunsa a kwano. Ya taɓa komawa shan ƙwayar sau ɗaya, ya faɗa da bakinsa, muka sake sabon lale. Daga loma biyu zuwa biyar, har aka fara ƙorafin yana cinye nama. A ranar na mayar masa da almakashinsa.

Bana, wata Alhamis, aka ajiye kwano ya ce azumi yake. Na zuba masa ido, ina zaton ya sake komawa ƙwayar.

Ya yi murmushi. "Maigida, ga dabino a aljihuna. A nan zan sha ruwa, a gabanka."

Na jira magariba tare da shi. Tun daga ranar ni ma nake azumin Alhamis, ni da ban taɓa yi ba. Matata har yau tana zaton wani wa'azi ne ya ratsa ni.