Nonon Inna Muna

Haske ba ta yi lakkol ba, wato boko, ba ta je Makka ba, iyakar tafiyarta a duniya Baleyara. Tabarma take saƙawa da kabar Dallol, ta kai kasuwar Filinge ran Lahadi, kuma ba ta ragi. Waɗanda suka san ta a tsufanta suna cewa bakinta kaifi gare shi. Gaskiya ne. Amma ba don tabarma ake tuna ta ba. Don aurenta ne.

A shekarar fāra aka haife ta, lokacin da mutanen Kurfai suka watse neman abinci. Uwarta, Habsa, ta mutu a hanya, ita ko wata uku ba ta cika ba. Ƙanwar ubanta, Mairama, ita ta goya ta har suka komo Tabla. Abin da aka gaya mata ke nan, ita ma ba ta tambayi ƙari ba. Wa yake tambayar abin da ya ci yana jinjiri?

Aurenta na fari da wani dillalin shanu ne. Ya mutu bayan shekara takwas, auren nake nufi, ba dillalin ba, kuma babu wanda ya yi kuka. Ta zo Filinge bazawara, tana da hannunta da sana'arta.

Shekarar da aka samu mulkin kai, aka ba telolin gari aikin tuta, mai rana a tsakiya. Cikinsu akwai Sahabi, wani dogo marar yawan magana, matarsa ta rasu. Rumfarsa na kusa da inda Haske ke baje tabarmi. Ta leƙa ta ga ranar da ya ɗinka a tsakiyar farin ƙyalle ta karkace.

"Tela, wannan rana ce ko ƙwan zabuwa?"

"Ke mi kika sani ga ɗumki?"

"Ɗumki ban sani ba. Amma faifai nike saƙa, ban taɓa yin mai ƙusumbi ba."

Washegari ta kawo masa ƙaramin faifai ya riƙa zana da'ira da shi. Kafin a gama girbi an ɗaura aure. Babu wanda ya tilasta kowa. Manya ne su biyu, sun ga juna, sun so.

Shekara goma sha uku suka yi. 'Ya ɗaya Allah ya ba su, Salamatu. Sahabi bai ƙara aure ba, bai kuma yi maganar ƙarawa ba. A ƙwarya ɗaya suke cin tuwo, abin da matan unguwa suka ɗauka rashin kunya ne. In ya komo daga kasuwa yakan zauna kusa da ita yana tsaga mata kaba, abokansa suna masa dariya. Bai damu ba.

Sai fari ya zo. Damina biyar ba a cika rumbu ba, ta shekarar saba'in da uku kuwa ko irin da aka shuka bai komo ba. Mutanen arewa suka gangaro, dabbobinsu sun ƙare, suka kafa bukkoki bayan gari suna jiran kamiyo, motar da ke kawo taimakon jar dawa. Wata rana wani ya gaya wa Sahabi cewa cikin baƙin nan akwai tsohuwa daga wajen Abala tana cigiyar gidan ubansa. Muna ce sunanta.

Sahabi ya san sunan. Tun yana yaro aka gaya masa cewa a shekarar fāra nonon uwarsa ya ƙafe, wata Muna da jaririnta ya mutu ta shayar da shi. Daga baya ta bi mijinta arewa, shekara arba'in ba labari.

Haske ce ta ce a ɗauko ta. A rubuta wannan, don ita kanta ba ta taɓa ɓoye shi ba. Sahabi yana ta lissafin bakin da zai ƙaru, ita ta ce, "Wadda ta ba ka nono ta kwana bayan gari kana da ɗaki? Tashi, Tela." Da kanta ta je da jakin aro ta kawo ta, ta yi mata wanka, ta dama mata kunu.

Kwana huɗu Muna ba ta iya magana sosai. Ran na biyar, da hantsi, ta ji ƙarfi. Tana zaune a inuwa, maƙwabta mata uku sun shigo gaishe ta, Sahabi na ɗaura rawani zai fita. Tsohuwa ta kama hannun Haske.

"Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka. Ke ɗiyar wa ce?"

"Ɗiyar Magagi na Tabla, Inna. Uwata Habsa, ban san ta ba. Ta rasu hanyar Bonkuku shekarar fāra."

Fuskar Muna ta washe. Ta tafa hannu.

"Habsa ta Magagi! Wadda munka rufe gindin gawo! Ashe ke ce 'yar jinjirar nan da anka kawo mini? Kin rayu! Kai, Allah mai iko. Ke ga na dama, wannan dogon ga na hagu, kuna ta shurin juna. Ku biyu duk ni na..."

A nan ta tsaya. Ta dubi Sahabi, ta dubi Haske, ta sa hannu ta rufe bakinta. Amma mata uku sun riga sun ji. Ɗaya ta ce ta bar tukunya a wuta. Kafin azahar duk Filinge ta sani.

Wanda bai san wannan hukunci ba, ga shi a taƙaice. Yara biyu da suka sha nonon mace ɗaya wa da ƙanwa ne. Babu aure tsakaninsu har abada. Babu kaffara, babu sadaka, babu wani aure na tsakani da zai gyara.

Sahabi da Haske suka je wurin limamin unguwa, Malam Baƙo, mutum mai sani kuma ba mai son ɓarna ba. Ya saurare su, ya aika aka tambayi Muna sau biyu, ba ta canza maganarta ba.

"Salamatu ɗiyar halak ce, wannan ku kwantar da hankali," in ji shi. "Auren kuma, maganar mace guda ba ta kashe shi. Ni ba ni raba ku. Sai dai malamai sun ce nisanta ta fi. In wata mace ta biyu da ta gani da idonta ta shaida, tunda zance ya riga ya bazu, to an gama. Haka in kai, Sahabi, ka ce da bakinka ka gaskata."

A hanyar gida Haske ta ce, "Ka ji. Ba a raba mu ba."

"Na ji."

"Ka gaskata ta?"

"Ban ce na gaskata ba."

"To ka ce ba ka gaskata ba."

Sahabi ya ci gaba da tafiya har suka iso ƙofa. Da la'asar ya ɗauki tabarmarsa da butarsa ya kai zaure. Ya ce na kwana biyu ne, har zuciyarsa ta natsu.

Muna ta rasu kafin damina. Haske ce ta yi jinyarta har ƙarshe, ba ta kuma taɓa ɗaga mata murya ba. Da wata maƙwabciya ta ce ai tsohuwar nan ta saka alheri da mugunta, Haske ta ce, "Yunwa ta kore ta, ta zo ta faɗi abin da ta sani. Ke da kika kai shi kasuwa fa, mi ya kore ki?"

Sojoji suka karɓi mulki, ruwa ya sauko, gero ya yi. Sahabi bai bar zaure ba. Ya ma kwaso kekensa na ɗinki daga kasuwa ya kafa a can. Haske tana dafa masa abinci, ta zuba a ƙwaryarsa daban, ta ajiye bakin ƙofa. Tana wanke masa tufafi. Da rana suna hira, ita a tsakar gida tana saƙa, shi a zaure yana taka keke, suna jin juna ta ƙofa. Har dariya sukan yi. Amma in ta miƙa masa ruwa, yana lura kada yatsunsu su haɗu.

Ta yi faɗa. Ta yi lallashi. Ta yi kwalliya tana da shekara arba'in da uku, ta zo ta tsaya masa a ƙofar zaure, ya sunkuyar da kai kan ɗinki.

"Dube ni, Tela."

"Ina ganin ki."

"Ƙanwarka kake gani ko matarka?"

"Haske, in na tashi salla, da wace fuska?"

"To sake ni. Ga takarda can, ka iya ajami. Sake ni in san inda nike."

"Ba ni iyawa."

Wannan ita ce gaskiyar Sahabi duka. Bai iya zuwa gare ta ba, bai iya rabuwa da ita ba. 'Yan'uwansa suka kawo masa maganar wata bazawara, ya ce yana da mata. 'Yan'uwan Haske suka ce ta kai ƙara gun alƙali a raba, tunda miji ya ƙaurace mata. Da ta kai, da an raba. Ba ta kai ba.

Kuma duk Filinge ta san akwai mace ta biyu. Gwaggo Mairama tana Tabla da ranta, ita ta goya jinjirar, ita ta san hannun da ta miƙa ta. Ba ta san Sahabi ya sha nonon kowa ba sa'ad da aka ɗaura aure, shi ya sa ba ta ce komai ba a lokacin. Yanzu tambaya ɗaya ta isa: wa ya shayar da ni? In ta ce wata ce daban, Sahabi ya koma ɗaki. In ta ce Muna, ya zama wanta, ta tattara kayanta. Shekara uku Haske ba ta taka Tabla ba. Ko salla ta zo, sai ta aika da goro da zane. Sahabi ma bai taɓa cewa ta je ba.

A shekara ta huɗu aka aiko cewa Mairama na kwance. Wannan ba ya aikuwa. Haske ta shiga motar kasuwa.

Ta iske tsohuwar ta zama ƙashi da fata, amma hankalinta garau. Suka gaisa, aka fita aka bar su.

"Kin yi fushi da ni, Haske?"

"Wane ni, Gwaggo. Hidima ce."

"Hidima. Labari ya iso nan tun bara waccan. An zo an zauna mini, ana ta kewaye-kewaye. Na ce ni ba ni magana sai mai abu ta tambaya." Ta yi tari, ta huta. "Ni kabari nike kallo, ɗiyata. In kin tambaye ni, ba ni yi miki ƙarya. Don haka kar ki tambaye ni."

Haske ta zauna tana duban ƙasa. Wanda ke da labari mai daɗi ba ya cewa kar a tambaye shi. Ta gane, Mairama ma ta san ta gane. Kwana uku ta yi a Tabla, tana juya ta, tana ba ta ruwa a ludayi. Sun yi zancen gero, da tsadar kanwa, da auren Salamatu da ke tafe. Ba ta tambaya ba.

Da ta komo, ta iske Sahabi bisa keke. Ya tsayar da ƙafarsa.

"Sannu da hanya. Yaya mai jiki?"

"Sai addu'a."

"Tana gane mutane?"

"Sarai."

Ya jira. Ya gyara zare, ya sake gyarawa.

"Kun yi magana?"

"Ban tambaye ta ba."

Ya daɗe yana kallon ta, abin da ya shekara huɗu bai yi ba. Sahabi ba wawa ba ne. Mace ta kwana uku da mai amsa, mai amsa da hankalinta, ta komo ta ce ba ta tambaya ba. Da yana so, kalma ɗaya zai faɗa gaban liman, shi ke nan. Sai ya ce, "Akwai sauran fura a ƙwarya, ki sha," ya ci gaba da taka kekensa.

Mairama ta rasu bayan mako biyu. Tun daga ranar Haske ba ta ƙara tsayawa ƙofar zaure da kwalliya ba, ba ta kuma ƙara cewa a sake ta ba. Sun aurar da Salamatu zuwa Damana. Wani farin ya zo a tamanin da huɗu, suka ci wuyarsa tare, shi a zaure ita a ciki. Idonsa ya raunana, ita ke sa masa zare a allura, ta ajiye kan keke ya ɗauka. Malam Baƙo ya mutu, liman na bayansa bai san zancen ba sai a bakin tsofaffi. Yaran unguwa suka tashi suna zaton haka kowane tsohon tela ke kwana kusa da kekensa.

Ko sun yi daidai ko sun yi kuskure, ba ni aka ba wannan shari'a ba. Shekara goma sha tara ke nan daga ranar da ya ɗauki tabarmarsa, zazzaɓi ya kama Sahabi da kaka, kwana shida ya rasu, a zauren.

Ƙanwa kwana uku take makoki. Matar aure kuwa wata huɗu da kwana goma. Matan unguwa, waɗanda suka rage cikin masu tuna zancen, suka zuba ido. Ran na huɗu da safe Safi, ɗaya daga cikin ukun da suka ji maganar Muna, ta shigo tana dogara sanda. Ta iske Haske zaune a ɗaki, kai ba kitso, ido ba kwalli, da tsohon zane.

"Haske, an yi uku jiya."

"Na sani, ni na daka gumba."

"To, na ce ko za ki yi wanka ki fito. Kin san dai yadda maganar nan take. Kar ki ɗora wa kanki abin da ba a ɗora miki ba."

"Safi, wa ya raba mu?"

"Babu, amma..."

"Ya sake ni?"

"Bai sake ki ba."

"To ja mini ƙofa in kin fita. Takaba nike."

Ta cika ta, wata huɗu da kwana goma, ba ta rage ko yini ba.