Jerin Gidajen Zango

Shekarar da maganar tayar da unguwarmu ta tabbata, dattawan Zango suka zauna bayan sallar la'asar suka ce kafin a watse, a rubuta kowane gida. Wasu za su koma unguwar Cissin, wasu can bayan gari, kuma ba wanda ya san inda maƙwabcinsa zai faɗa. Ni aka ba aikin, don na yi lekol, makarantar boko, kafin in zauna shagon yadin babanmu. Kawuna, wan mahaifiyata, shi ne babba a zaman, shi nake kai wa duk abin da na rubuta.

Sati uku ina shiga gida-gida da littafi. Tambayar ba ta da wuya: sunan mai gida, mutum nawa, daga wane gari kakanni suka zo. Lambobin ne suka wahalar da ni. Sai na jera kowa tsaf, a zo a ce an manta wane, kuma wurinsa kusa da wansa yake. In na sa shi, duk lambobin ƙasa sun lalace. Sau huɗu ina kwafe littafin nan daga farko. Ana cikin haka wata gwauruwa ta aiko cewa ba ta ji an kira gidan marigayi mijinta ba.

Ɗiyar Kawu tana aikin buga takardu a wani shago a unguwar Paspanga. Ta ga ina ja wa shafi layi da rula, ta ce, “Yaya, kawo mini shi gobe.”

Kwana biyu ina karanta mata tana bugawa a odinater, wato kwamfuta. Allon cike yake da ƙananan akwatuna, kowane suna da layinsa. Na lura ba ta sa lamba ko ɗaya.

“Kin bar lambobin,” na ce.

“Za su zo da kansu.”

Ta buɗe wani shafi dabam, wanda take kira model. Babu kowa a cikinsa, sai bisimilla a sama da kawunan layuka: lamba, mai gida, mutane, asali. Ta rubuta wani gajeren abu a akwatin farko, ta ja shi ƙasa. Sunayen suka shigo daga ɗaya shafin, kowanne da lambarsa a gefe, har ƙarshe. Ban gama jan numfashi ba. Na sa yatsa a gilashin ina bin su ɗaya-ɗaya ko zan kama kuskure. Ban kama ba.

Washegari na ɗauko Kawu a bayan moto, babur ɗina, zuwa shagon. Ya zauna ya ɗora sandarsa a cinya, ya ce a nuna masa gidan ƙanin mijin gwauruwar nan a allon. Na arba'in da bakwai ne.

“To, ɗiyata, sa ta a samansa. Mijinta ne babba.”

Ta buɗe layi ta rubuta sunan. Gwauruwa ta zama ta arba'in da bakwai, ƙanin ya koma na arba'in da takwas, duk na ƙasa suka matsa a lokaci guda.

Kawu ya matso da fuskarsa. “Wa ya gaya wa na ƙarshe ya matsa?”

“Baba, kowane layi yana kallon na samansa ne, ya ƙara ɗaya.”

Ya ja baya daga allon. Can ya ce, “Ikon Allah,” a hankali.

Ta tambaye shi ko yana son ganin su gari-gari. Kafin ya amsa ta danna. Mutanen Kano suka taru wuri guda, na Katsina, na Salaga, kowane rukuni ya fara daga ɗaya. Ƙarƙashin ƙauyen kakan Kawu, wanda kullum yake cewa mu kaɗai muka fito daga can, gida shida ne. Na biyar wani mai gyaran keke ne da Kawu bai taɓa wuce sannu da shi ba. Ya sa na karanta masa layin sau biyu.

Da muka koma, bai shiga gida ba. Rumfar mai keken ya nufa, na bi shi da takardun jerin da ta buga mana. Mutumin ya miƙe yana goge hannu a rigarsa, a tsorace. Kawu ya tambaye shi sunan kakansa, ya faɗa. Ya tambayi sunan uban kakan, ya faɗa, sai Kawu ya nemi kujera ya zauna. Har aka kira magariba suna zaune, mai keken yana kawo sunaye, Kawu yana ƙarasa masa.