Kujeru Goma, Mutum Ɗaya

Jiya Lahadi na jera kujeru goma don addu'armu ta Kiristoci Hausawa a Zongo. Mama Rifkatu mai koko ce kaɗai ta zo.

Ina kwashe kujerun, wani maƙwabci ya wuce ya ce min da Faransanci, "Du courage," wato in yi ƙarfin hali.

Na ce, "Mama, courage ɗin nan ya ƙare. Mako mai zuwa ba zan buɗe ba."

Ta ce, "Ɗana, mu da Hausa me muke cewa?"

"Allah ya ba da ƙarfi."

"To ashe ba naka ba ne. Naka ne ya ƙare, na Mai bayarwa yana nan."

Na mayar da kujera biyu, muka zauna muka yi addu'a.

Ku fa, wace magana ce ta taɓa hana ku ja da baya?