Tasalla Mai Kunun Jarirai da Ɓarawon Cikin Tukunya

Me wuta ke ci a cikin abinci, wanda ido ba ya gani, harshe ba ya ji, amma jikin jariri ya san an raba shi da shi? Na tambayi malamai, na tambayi maƙera, ban sami amsa ba. Inna Tasalla ma ba ta sani ba, amma ita ta fara kama sawun ɓarawon.

Duk wanda ya san Illela ya san ta. Tana idar da asuba take hura wuta, ta dama kunun gero mai laushi, ta sauke. Ba ta zuba garin 'ya'yan kuka sai tukunya ta huce har ta iya tsoma ɗan yatsa. Mata daga Garu da Lafani, har da na ƙetaren duwatsun iyaka da Nasara suka kafa, suna zuwa da 'yan ƙorensu su saya wa yaran da nonon uwa bai ishe su ba. In an tambaye ta dalilin jiran nan, sai ta ce ta gwada duka biyu: kukar da ta tafasa ɗanɗano kawai take bari, wadda aka zuba bayan hucewa ita ke gyara dasashin yara a bazara.

Shekarar da annoba ta shiga shanu, matar Maharazu mai fataucin kiraga, wato jemammun fatu, ta rasu ta bar jariri, Lawwali. Ba mai shayarwa, ba nono a ruga. Maharazu ya dawo daga Kano da madarar gwangwani ta ƙasar Nasara, ya kawo wa Tasalla ta riƙa haɗa wa yaron. Ta shinshina, ta ga ta yi ja-ja kamar ƙanzo.

"Wanga nono wa ad da shi? Ina saniyar?"

"Inna, dahwa shi anka yi can ƙasassu, don kar shi lalace."

"An dahwa shi har ya mance uwatai. Kai shi gida, ba ya shiga tukunyata."

Maharazu ya tafi da abinsa. Ummu, gwaggon yaron, ta yi ta ba shi, ya yi ɓul-ɓul, har ana zolayar Tasalla a kasuwa. Sai haƙora suka fara fitowa, dasashi ya kumbura yana jini. In an taɓa ƙafarsa sai ihu. Ummu ta goyo shi ta kawo.

Tasalla ba ta ce "na faɗa" ba. Ta buɗe bakin yaron ta daɗe tana kallo, kamar mai duban sawu. Ta sa aka ajiye gwangwani, ta koma ba shi kununta da kuka. Jini ya tsaya, ihun da yake yi in an ɗauke shi ya tafi. Amma yaron ya soma zubewa, wuya ya yi siriri, har ana ƙirga haƙarƙarinsa.

Nan ne abin ke hana ni sukuni. Wutar da ta tsare madara ta ƙetare teku ba ta ruɓe ba, ita ce ta sace wani abu a cikinta. Mai gadi ne ko ɓarawo? Kunun Tasalla kuwa yana da abin da aka sace, amma ba shi da maiƙon da ke gina jiki. Kowa da rabin gaskiya a hannunsa, yaro na tsakiya yana ƙarewa.

Ke ce, Inna, mai haƙurin jiran tukunya. Ke ce ba ki taɓa tambayar ɗan wane ne ba kafin ki cika ƙwarya. Yau gwiwa ta hana ki tsugunno gaban murhu, jikarki Raliya ta karɓi muciya, amma rabin samarin da ke dako a kasuwar nan da kununki suka tashi. Mun gode, Allah Ya saka miki da Aljanna. Masu sana'a, ku koyi duba irin nata, ku kuma koyi abin da ya fi dubawa wuya, wanda Ummu ta gani da idonta.

Da hantsi ne, in ji Ummu, a kwanakin da yaron ke ramewa, Tasalla ta auna hannun Lawwali da yatsu biyu. Sai ta aika a kira uban.

"Maharazu, ina marayan nonon nan naka?"

"Inna, ba ke kinka kore shi ba?"

"Na kore shi. Shi maraya, yaro maraya, bari su san juna. Miƙo."

Ta jira tukunya ta huce, ta zuba kuka. Sannan ta ɗauki wuƙarta, ta yi bismillah, ta huda gwangwanin da hannunta, ta tsiyaya a ciki.