Sandunan Baba Yawuri da Ruwan Gishiri

A gidanmu na Kurayyat ba don sanyi ake hura wuta ba, wane sanyi a Jidda! Kakata ta wajen uba, Sitti Hajjo, gyaɗa take soyawa cikin yashi bayan magariba don ta kai bakin kasuwa da safe. Mu jikoki sai mu kewaye murhun muna gumi, idonmu na kan wadda za ta ƙone, domin ƙonanniya tamu ce. Tana juya gyaɗa tana ba mu tatsuniya. In ta ce, "Ga wata nan tafe, ku matsa mata," sai mu ce, "Ta shigo ta zauna."

Lokacin ba a ja famfo zuwa unguwarmu ba. Ruwa sai saƙa, wato ɗan ga-ruwa, ya ɗauko a garwa ya juye mana a randa. Mahaifina dakon ƙanƙara yake yi wa masunta a kasuwar kifi, wani lokaci ya dawo da guntu a naɗe cikin buhu ya jefa a randar. Ruwan nan, wallahi, da ludayi Sitti take auna mana shi.

A shekarar da nake faɗi ne kakana na wajen uwa ya iso. Baba Yawuri muke ce masa. Ya yi shekaru a hanya ta Sudan, ya zo da ƙullin tufafi da sandunan fatsa na gora waɗanda ya gada daga ubansa. Ran da ya sauka ya faɗa wa mahaifiyata, kowa na ji, cewa shi ba zai zauna surukinsa yana ciyar da shi ba. Muddin sandunansa na kamo kifi, yana nan. Ran da suka daina, zai sake bin hanya. Ummi ta yi shekara da shekaru ba ta ga ubanta ba, kuma ta san ba ya magana biyu. Kullum ya fita bakin teku sai ta tsaya a ƙofa har ta hango shi da kifi a hannu.

Da aikin Hajji ya matso, Baba ya shirya tafiya Makka. Ya ce zai ajiye sandunan yadda ake yi a gida: ya ɗaure su da zarensu da ƙugiyoyinsu, ya nutsar a wani lungu na ruwa, ya danne da dutse, don kada zafi ya tsattsage gorar. A kogi haka kakanninsa suka yi, bai taɓa ba su kunya ba. Sitti kuwa matar masunci ce, ta binne miji a garin nan, ta san abin da gishiri ke yi wa ƙarfe da zare. Amma ina! Suruki ne, baƙo ne, kuma ɗan gidan masunta ne tun kaka da kakanni. Mahaifina ko ido ba ya haɗawa da shi. Wa zai buɗe baki ya ce masa bai iya ajiyar fatsa ba?

Da yammar nan Sitti ta matsar da murhu kusa da asabarin da Baba yake zama a bayansa yana lazimi. Ta ce wai can iska ta fi. Sannan ta kawo mana sabuwar tatsuniya.

Wai an yi wani masunci da kogi ya riƙe amana da gidansu. Duk abin da ya ba kogi ajiya, yadda ya ba shi haka zai karɓa. Wata rana tafiya ta kai shi ƙasar da ruwanta ba shi da tsallake. Ya yi wa teku sallama, ya ce, "Na san ƙaninki kogi, ga ajiya." Teku ta karɓa da fara'a. To ita wannan teku mayunwaciya ce, ba ta iya ganin abu ba ta lasa ba. Ta lashi ƙugiya ta zama jar ƙasa. Ta lashi zare ya zama auduga. Ta shiga cikin gora ta kwanta, ranar da aka fito da gorar rana ta taɓa ta, sai ji kake ƙas, ta dare biyu. Masunci ya zauna yana kuka, sai ga wata tsohuwar kififiya.

Nan Sitti ta ɗaga murya, kai ka ce kurame take wa magana. "Kififiya ta ce, haba bawan Allah, da ka tambaya! A garin nan da ruwan daɗi ake wanke sanda. A shanya a inuwa, ban da rana. A shafe ta da man riɗi. A kwance ƙugiya a jefa a gwangwani da ɗan mai. A kwantar da sanda a kan turaku can sama, ba a jingine ta a lungu, in an jingine sai ta yi doro. Halas, shi ke nan."

Washegari ta sake kawo ta. Da ta kuma ɗauko ta a wata yammar, wana ya ce, "Ya Sitti, wannan ai mun haddace ta."

"Uskut, yi mini shiru! Kai da ko wankin hannu ba ka haddace ba? Yalla, zauna."

Muna tsaka da ji sai Baba ya yi gyaran murya daga bayan asabari. Ni ya kira, don ni ce amaryarsa ta wasa. "Amarya, tambayar mini mai tatsuniya. Shi wannan masunci, wawa ne?"

Na juya zan maimaita, amma Sitti ba ta jira ba. Ta dubi gyaɗarta ta ce, "Subhanallahi! Gaya wa angonki duk ƙasar ba gwani kamarsa. Ruwan ne bai gaya masa halinsa ba." Sai muka ji carbin Baba ya ci gaba da ƙas-ƙas.

Ranar tafiya muka tashi randa ƙaf, har guntun ƙanƙarar da aka jefa jiya. Kwalbar man riɗi ta koma rabi. Can ƙarƙashin rufin kwano kuwa ga sandunan a kwance kan turaku suna sheƙi. Ni dai ban lura da su ba sai daga baya, domin Sitti ta riga ta cafke kunnena.

"Wa ya kifar mini da randa? Ke ce! Na gan ki jiya kina wasa a nan!"

Na rantse, na yi kururuwa. Baba ya fito da haraminsa a kafaɗa, ya buɗe baki zai yi magana, Sitti ta ƙara murya ta hau wana da faɗa har Baba ya rasa inda zai saka kalma. Haka ya tafi. Mahaifina ya fita aiki da ƙishirwa. Ni kuwa na yi fushi da ita sosai, na ƙi cin ƙonanniyar gyaɗa har kwanaki.

Baba ya dawo ya sauke sandunansa garau. Da su ya ci abinci har ƙarfinsa ya ƙare, a Jidda aka binne shi, Ummi na kusa da kansa ya cika.

Na girma, na yi aure, na yi surukai nawa. Sau da yawa na ga babba zai yi kuskure, na faɗi gaskiya tsirara, na ci gardama na rasa mutumin. Bakina ba irin nata ba ne, kuma ina kewarta ƙwarai.

A ciwonta na ƙarshe ina shafa mata mai a ƙafa, na ce, "Ya Sitti, har yau abin na raina. Ba ni na zubar da ruwan nan ba."

Ta yi dariya har da tari. "Ke ma dai! Wa kike zaton ya ajiye masa kwalbar mai a bakin randa?" Ta laluba ta kama kunnen nawa a hankali. "Na duba gidan kaf, na ga kunnenki zai warke kafin azahar. Shi kuwa da ya ji kunya a gidan suruki, uwarki ba za ta sake ganinsa ba."